FITILAR HAZO: AMFANINTA DA WURIN DA YA KAMATA A ƊAURA TA

Daga ƙarshen watan Nuwamba har cikin watan Maris, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Tana zuwa da ɗari, tana zuwa da hazo. Akwai safiyar da mutum zai tsaya a unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi, ya hangi ƙarshen layi bai ga komi ba sai fari. Rana takan fito kamar farin faranti, har yaro ya dube ta bai runtse ido ba.

Lokacin hazo kuma shi ne lokacin da hanya ta fi cika. An gama girbi. Manoma suna kai hatsi da wake da gujiya kasuwa. Ran Litinin da ran Juma'a, ranakun babbar kasuwar Maraɗi, masu amalanke suna fitowa tun da duhun asuba daga wajen Tibiri da ƙauyukan bakin gulbi. Masu lambun Jiratawa suna kawo zogale da tumatir da barkono. Makiyaya sun gangaro daga arewa, garkuna suna ƙetare kwalta don su shiga gonakin da anka saki. Ga manyan motoci masu zuwa Yamai da Damagaram, ga masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Dukansu hanya ɗaya suke bi.

Don haka maganar fitilar mota ta shafi kowa. Manomin da ya hau mota da buhunansa, ransa yana rataye ga abin da direba ya gani. Haka mai amalanke, haka makiyayi da shanunsa. Akwai wata fitila da anka ƙera musamman don irin wanga lokaci, ana kiranta fitilar hazo. Tana da amfani in an ɗaura ta ƙasa, an daidaita ta, direba kuma ya rage gudu. In an ɗaura ta inda bai dace ba, sai ta cuci mai ita, ta cuci wanda ya haɗu da shi a hanya.

DAGA INA HAZO YAKE FITOWA?

Babban tushen ƙurar hunturu yana cikin ƙasar Cadi, a wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da tafkin Cadi. Can da daɗewa wurin babban tafki ne. Ruwan ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Lokacin ɗari iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Daga Bodele zuwa Maraɗi ya fi kilomita 1000, amma ƙurar tana isowa. Wata ma tana ƙetare babban teku har ta sauka Amurka ta Kudu.

Ban da hazon hunturu, akwai wasu abubuwan da ke rufe hanya. Akwai jar ƙurar da ke tasowa gaban hadari a farkon damina. Akwai ƙurar da babbar mota ke tayarwa a hanyar burji. Akwai hayaƙin gobarar daji, da ruwan sama mai ƙarfi, da farin tururin da kan kwanta a fadama da asuba bayan an sha ruwa. A ƙasashen Turai, hazonsu na ruwa ne. Na ƙasar Hausa yawanci na ƙura ne. Amma ga idon direba duk ɗaya ne, kowane yana mayar da haske baya.

FITILUN GABAN MOTA

Kowace mota tana da haske iri biyu a gaba. Akwai babban haske mai zuwa nesa, wanda ya kamata ya haska hanya har mita 100. Direbobin Nijar suna ce masa far, na Najeriya suna ce masa ful. Akwai kuma ƙaramin haske mai duban ƙasa, wanda ke haska mita 30 zuwa 40. Shi ne kod, ko dim. Da shi ake gamuwa da wata mota don kada a kashe wa direbanta ido.

Fitilar hazo ita ce ta ukku. Ba dole ne kowace mota ta zo da ita ba. Wasu motocin suna zuwa da ita tun daga masana'anta, a ƙasan manyan fitilu. Wasu kuma sai mai mota ya saya, mai gyaran wutar mota ya ɗaura masa.

ME YA SA BABBAN HASKE BA YA AIKI CIKIN HAZO?

Kowa yana iya gwada wannan a gida. A shiga ɗaki mai hayaƙi da dare, a kunna tocila, a riƙe ta daidai goshi. Ba abin da za a gani sai hayaƙi fari fat. Sa'an nan a sauke tocilar wajen gwiwa, a haska ƙasa. Nan da nan daɓe zai bayyana, da tabarma, da bakin ƙofa.

Dalili shi ne, kowane ɗan ƙwayar ƙura ko hayaƙi yana aiki kamar ƙaramin madubi. Haske ya buge shi, ya komo ta hanyar da ya fito. In fitila tana kusa da ido, hasken da ya komo cikin ido zai shiga. In fitila tana nesa da ido, yawancin hasken zai koma wajen fitilar, ido ya huta.

Haka abin yake ga mota. Direban da ya kunna far cikin hazo ya haska ƙurar da ke daidai idonsa. Sai ya ga kamar an shimfiɗa masa farin zane a gaban gilashi. Ƙara ƙarfin fitila ƙara farin zanen ne kawai. Saboda haka ƙa'ida ta farko cikin hazo ita ce a kashe far, a koma kod. Wannan ba ya buƙatar ko dala ɗaya.

ABIN DA FITILAR HAZO TAKE YI

An ƙera fitilar hazo don haskenta ya baje hagu da dama, ya kwanta bisa ƙasa. Samansa a yanke yake kamar an sa wuƙa, ba ya tashi ya haska ƙurar da ke gaban idon direba. Da ita direba yana ganin bakin kwalta, da rami, da farin layin tsakiyar hanya inda akwai shi, da ƙafafun jaki ko na sa da ke tsaye a gefe. Kuma mai zuwa daga gaba yana hango ta, ya san mota ce, ya san faɗinta.

Amma haskenta gajere ne, bai kai na kod nisa ba. Ba ta huda hazo, domin babu fitilar da ke huda hazo. Fitilar mai tafiya sannu ce. Direban da ya kunna ta ya ci gaba da gudun da ya saba bai ƙaru da komi ba, sai dai ya ruɗi kansa.

LISSAFIN GUDU DA BIRKI

Ga lissafin da ya kamata kowane fasinja ya sani. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne. Tsakanin lokacin da direba ya ga abu da lokacin da ƙafarsa ta taka birki, kamar daƙiƙa ɗaya ke wucewa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin wagga daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14. Bayan wannan ne birki zai fara aikinsa.

A makarantun koyon tuƙi akwai wata dabara mai sauƙi. A ɗauki lambar farko ta gudun mota, a ninka ta da kanta. Abin da ya fito shi ne kimanin mitocin da mota za ta ci kafin ta tsaya cik.

Gudun 50: 5 sau 5, mita 25.
Gudun 60: 6 sau 6, mita 36.
Gudun 90: 9 sau 9, mita 81.

Wanga lissafi na busasshiyar kwalta ne, da taya mai kyau, da birki mai kyau. In rairayi ya hau kwalta, ko tayoyi sun suɗe, ko an yi wa mota lodi fiye da kima, nisan zai ƙaru.

To, a ce hazo ya rufe, direba ba ya ganin abin da ya wuce mita 40. Amalanke tana gabansa tsakanin Tibiri da Maraɗi, jaki yana tafiyarsa ta kilomita 5 a awa. In direban yana gudun 50, zai iya tsayawa. In yana gudun 90, zai gan ta, zai taka birki, amma sai ya hau ta. Shi ya sa a Faransa doka ta ce duk lokacin da ba a ganin abin da ya wuce mita 50, kada kowa ya wuce gudun kilomita 50, ko a kan wace hanya yake. Sannu ba ta hana zuwa.

INA ZA A ƊAURA TA?

Akwai ƙa'idodin ƙirar mota na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ake tsarawa a birnin Janeba. Masu ƙera motoci a Turai da wasu ƙasashe da yawa suna bin su. Ƙa'ida mai lamba 48 ita ce ta fitilu. Ga abin da ta tanada game da fitilar hazo ta gaba.

Na ɗaya, guda biyu ake sawa, ɗaya hagu ɗaya dama, tsayinsu ɗaya.

Na biyu, kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, wato kamar rabin kamu.

Na ukku, a ƙaramar mota da motar ɗaukar kaya irin a-kori-kura, kada ta wuce santimita 80 daga ƙasa. A babbar mota ana iya ɗaga ta kaɗan. Amma ko a wace mota, kada ta fi fitilar kod tsayi.

Na huɗu, kowace ta kasance kusa da gefen mota, kada tazarar ta wuce santimita 40. In an matse su biyu a tsakiya, mai zuwa daga gaba zai zaci babur ne ko wata ƙaramar mota, ya ƙi ba da isasshiyar hanya.

Hanyoyin karkara suna da nasu hali. Motar da ke shiga ƙauyukan Madarunfa ko na wajen Dakwaro tana bin rairayi mai zurfi, da kwazazzabai, da kututturan gona. Fitilar da anka rataye can ƙasa ba za ta yi sati ba sai ta fashe. Ga irin wagga mota, wurin da ya fi shi ne jikin ƙarfen nan na gaba mai kare mota daga karo, ko dab da ƙasansa, wato kamar kamu ɗaya daga ƙasa. A sa mata ragar ƙarfe ko marfi don tsakuwa. Ranar da za a yi amfani da ita a cire marfin.

Kada a ɗaura ta a gaban ragar da iska ke bi ta sanyaya ruwan inji. A ƙasa mai zafi, toshe wagga hanya yana sa inji ya tafasa. Kada kuma ta rufe lambar mota. A ɗaure ta da ƙarfe mai kauri da noti biyu, domin girgizar hanyar burji tana kwance noti, fitila ta koma duban sama ba da sanin direba ba.

Wurin da ya fi kowane muni shi ne rufin mota. Ana ganin motoci da babura da adaidaita masu dogon sandan fitila fari ƙal, an ɗora shi bisa gilashi ko bisa kai. Wannan ya saɓa wa dukan dalilin fitilar hazo. Haskensa yana wucewa ta gaban idon direba, yana haska ƙura tun daga kan inji. Kuma yana makantar da duk wanda ya tunkaro. Direban da anka kashe wa ido yana tafiya daƙiƙa biyu ko ukku bai ga komi ba, kuma a wannan lokaci ne yakan kauce gefe, inda masu amalanke da masu tafiya ƙasa suke.

YADDA AKE GANE TA A KASUWA

Ba kowace ƙaramar fitila ce fitilar hazo ba. Akwai mai tsinin haske, wadda anka yi don hangen nesa cikin daji ranar da sarari yake garau. A ido suna kama da juna, amma aikinsu ya bambanta.

Mai saye ya duba rubutun da ke jikin gilashin. Fitilar da anka gwada bisa ƙa'ida tana da harafin E cikin da'ira, da wata lamba kusa da shi. In ta hazo ce, za a ga harafin B ko F3. In an ga R ko HR, ta hangen nesa ce. Ga wurin da karatu ke yi wa mutum rana. In babu rubutu, a sa mai shago ya haɗa ta da batir, a haska bango. Ta hazo za ta yi shimfiɗaɗɗen haske mai faɗi kamar tabarma. Ta nesa za ta yi dunƙulallen haske kamar faifai.

YADDA AKE DAIDAITA TA

Ɗaura fitila rabin aiki ne, saura daidaitawa. Ba a buƙatar wata na'ura. Bango da gawayi da igiyar awo sun isa.

A tsayar da mota da dare a wuri mai baje, ta fuskanci bango, tazarar mita 5. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa. A je bango a ja layi da gawayi daidai wannan tsayi. A sake jan wani layin a ƙasansa da santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu. A kunna fitilar hazo ita kaɗai. Saman haskenta ya tsaya a layin ƙasa. In ya wuce, a sassauta noti, a sunkuyar da ita, a ɗaure.

Akwai abin da ake mantawa. Motar kasuwa in an loda mata buhunan hatsi, bayanta yana zama, gabanta yana ɗagawa. Fitilar da anka daidaita mota tana wofi za ta koma haska sama. Don haka a daidaita ta da irin lodin da mota ta saba ɗauka. Haka ma fitilar kod.

WAYA DA BATIR

Ƙwan fitilar hazo irin na da yana cin wat 55. Guda biyu sun zama wat 110. Wannan wuta ce mai yawa ga siririyar waya. Mai gyaran da ya san aikinsa zai ja waya mai kauri daga batir, ya sa mata fis nata, ya sa ɗan akwatin nan da ake kira rile, don kada dukan wutar ta bi ta makunni. Inda waya ta ratsa ƙarfe, a sa mata roba. In fis ya ƙone, a nemi dalili, a sa sabo. Masu ɗaure wurin fis da guntun waya ko takardar kwalin taba suna gayyatar gobara ne.

Ƙananan motoci batir ɗinsu na bolt 12 ne, manyan motoci yawanci na bolt 24. Ƙwan wannan ba ya yi wa waccan. Kada a sa ƙwai mai wat 100 don neman ƙarin haske, yana narkar da mazaunin fitila. Sababbin fitilu da ake kira LED ba su cin wuta da yawa, amma su ma sai an duba irin haskensu, an daidaita su. Fitilar hazo ta kasance da makunninta dabam, da ƴar alama a gaban direba mai nuna masa tana kunne.

Ƙura tana rage hasken kowace fitila. Kafin a tashi, a goge fitilu da gilashin gaba da jiƙaƙƙen tsumma. Busasshen tsumma yana karce gilashi, kuma gilashin da ya karce yana watsa haske cikin ido.

FARA KO RUWAN ƊORAWA?

Dattawa suna tuna motocin Peugeot 404 da 504 masu idanu ruwan ɗorawa. Dalili shi ne, daga shekarar 1937 dokar Faransa ta tilasta wa sababbin motocinta irin wanga launi, har zuwa 1993 da anka yarda da farin haske. Har yanzu wasu direbobi sun ɗauka ruwan ɗorawa yana huda hazo. Bincike bai nuna haka ba. Abin da ke akwai shi ne, wasu mutane sun fi jin daɗinsa a ido, ba ya gajiyar da su kamar farin haske mai shuɗi-shuɗi. Ƙa'ida ta yarda da duka biyun. Wurin ɗaurawa da daidaitawa sun fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Shuɗi da kore da ja kuwa ba su da wuri a gaban mota.

JAR FITILAR BAYA

Akwai fitilar hazo ta baya, ja ce mai ƙarfi. Ƙwan ƙaramar fitilar baya wat 5 ne, nata kuwa wat 21, daidai da na birki. Ba ta haska wa direba komi. Aikinta shi ne wanda ke biye ya hango mota tun daga nesa. Cikin hazo mai kauri, ko cikin ƙurar hanyar burji, tana iya fin ta gaba amfani, domin karo ta baya yana yawa a irin wanga lokaci.

A Turai dole ne sabuwar mota ta zo da ita. Tun da motoci da yawa na Maraɗi tsofaffin motocin Turai ne, akwai direbobin da ke da wagga fitila ba su sani ba. Alamarta a gaban direba hoton fitila ne mai duban dama, da lanƙwasasshen layi, launin ruwan goro. Ta gaba kuwa kore ce mai duban hagu.

In za a ɗaura sabuwa, tsayinta ya kasance tsakanin santimita 25 da mita 1 daga ƙasa. Ta nisanci fitilar birki da fiye da santimita 10. In guda ɗaya ce, a sa ta hagu ko tsakiya, domin a Nijar hannun dama ake bi, haka ma a Najeriya tun 1972, kuma gefen hagu ne ke kusa da tsakiyar hanya. Kada a taɓa sa farar fitila mai ci kullum a bayan mota. Wanda ke biye zai zaci mota ce ta tunkaro shi.

YAUSHE AKE KUNNAWA?

A shekarar 1968 ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya kan tafiya bisa hanya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Nijar ta shiga cikinta a 1975. Yarjejeniyar ta ce ana kunna fitilar hazo ne cikin hazo mai kauri, ko ruwa mai ƙarfi, ko abin da ya yi kama da su. Da zarar sarari ya washe, a kashe. Jar ta baya in an bar ta kunne a dare mai garau tana kashe idon na baya, kuma tana ɓoye masa hasken birki.

Ko da rana ne, in hazo ya rufe a kunna kod, don a ga mota. In ƙura ta kai yadda ba a ganin komi, kamar gaban hadari, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a tsaya nesa da bakin hanya, a jira. Motar da ta lalace a hanya a kunna mata fitilu huɗu masu ƙiftawa, a ajiye jar alama mai kusurwa ukku aƙalla mita 30 a bayanta, cikin hazo ma fiye da haka. Masu jera rassan itace da duwatsu su kwashe su in sun tashi.

RABON MAI AMALANKE DA MAKIYAYI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. In an duba yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Don haka wanda ba shi da mota shi ma yana da aikin yi.

Amalanke ba ta da batir, amma akwai abin da ba ya buƙatar batir. Shi ne jan lasitika ko jan tef mai mayar da haske, irin wanda ake liƙa wa bayan manyan motoci. Hasken mota ya taɓa shi, sai ya ƙyalla tun daga nesa. A liƙa ja biyu a baya, ɗaya kowace kusurwa, fari biyu a gaba. In an yi lodin kara ko harawa har ya rufe su, a ɗaura wani a jikin kayan. A riƙa goge musu ƙura. Mai fita da asuba ya rataya fitila ko tocila a gefen hagu. Ya bi gefen dama sosai. Kada ya yi barci ya bar wa jaki hanya, kada kuma a ba ƙaramin yaro amalanke cikin duhu da hazo.

Makiyayi ya tuna garkensa ma yana tayar da ƙura, ta haɗu da hazo. Ya ƙetare a burtali, inda hanya take miƙe, ban da kwana, ban da gangare. In da hali, ya jira rana ta ɗaga. In garke yana da yawa, a raba shi kashi kashi, a bar motoci su wuce tsakani. Yarjejeniyar 1968 ma ta ba da wagga shawara. In dole ne a ƙetare da duhu, mutum ɗaya ya tsaya can gaba ta kowane ɓangare da tocila, yana kaɗa ta yana haska ƙasa. Kada ya haska idon direba.

Mai tafiya ƙasa ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke zuwa. Farar riga ta fi baƙa ganuwa. Mai babur ya tabbata jar fitilarsa ta baya tana ci.

Fasinja kuma yana da baki. Wanda ya biya kuɗin mota ya ga direba yana zuba gudu cikin hazo, ko ya kunna far, yana da ikon ya ce malam direba a rage. In mutum biyu ko ukku sunka faɗa tare, direba zai ji.

KAFIN HUNTURU YA SHIGO

Rigakafi ya fi magani. Watan Oktoba da farkon Nuwamba su ne lokacin shiri. Masu motoci su kai su wurin mai gyaran wuta, a duba kod da fitilun baya, a sauko da duk fitilar da ke bisa rufi, a daidaita ta hazo a jikin bango. Shugabannin tasha su duba motocin da ke layi. Ƙungiyoyin manoma na Jiratawa da Tibiri da sauran garuruwa suna iya haɗa kuɗi su sayi naɗin jan tef guda, a yayyanka, a raba wa duk mai amalanke a gari. Wanda ya karanta wanga bayani ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna, musamman in yana da amalanke ko garke.